Ƙafar Malam da Wayar Yaya

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya ba ni ƙarfin jinyar wata uku da ɗoriya, ya kuma kama mini harshe a gaban manya. Abin da ban faɗa da baki ba shi zan rubuta. Shekara goma sha bakwai ke nan ina koyarwa a firamare a nan Gumel, kuma na lura yaro ya fi riƙe darasin da aka haɗa masa da misali. To, ga misali. Duk wanda ya sayi wayar nan da ta shigo yanzu, wadda ake kira tafi-da-gidanka, da wanda yake mafarkin saye, da wanda zai shiga motar mai ita, ya zauna ya karanta.

Maigidana, wanda zan kira Malam kamar yadda nake kiransa a gida, malamin dabbobi ne. Aikinsa a kan babur yake: ranar Alhamis yana kasuwar shanu ta Maigatari yana duba abin da aka shigo da shi daga Nijar, sauran kwanaki yana bin rugage tsakanin Sule Tankarkar da Gagarawa da allura. Mutum ne da abincinsa yake a ƙafarsa, da ita yake tayar da babur, da ita yake danne ɗan maraƙi.

Sai yayana, Alhaji Sale, uwa ɗaya uba ɗaya. Dillalin shanu ne da ya sami ubangida a Kano, wani attajiri mai kwangila, ya koma yi masa saye-saye a bakin iyaka. Bara ya dawo daga Kano da mota 'yar Kwatano da wayar hannu mai girman rabin bulo, wadda ake zaro mata eriya kamar rediyo. Wayar ba ta magana a Gumel, ba ta magana a Maigatari. A gidan suna Yaya yakan ajiye ta a gabansa bisa tabarma, jama'a su yi ta kallonta, ita kuma tana kallonsu. A duk ƙasar nan wuri ɗaya ne take farfaɗowa: wani ɗan tudu a hanyar Gagarawa, kusa da wata tsamiya, shi ma sai ran da ta ga dama. Mai hankali zai tsaya a inuwar tsamiyar ya jira. Yaya ya ce tsayawa ta masu neman a kira su ce. Shi ya fi so a ce kira ya same shi yana kan hanya.

A tsakiyar bazara ne, lokacin da man fetur ya yi ɓatan dabo, babur ɗin Malam ya kwana uku a jingine. Yana da riga-kafin shanu da zai kai Gagarawa kafin ƙanƙarar da ke cikin fulas ta narke. Yaya ya ce ai can ya nufa, ya zo ya sauke shi. Ni na ce masa ya bi shi. Wannan ma na rubuta shi, don kada a ce na wanke kaina.

Abin da ya faru a tudun, daga bakin Malam na ji, kuma Malam ba ya ƙara gishiri. Suna hawa, waya ta yi kuka. Yaya ya zaro ta daga aljihu da hannun hagu. Da ya ji muryar ubangidansa ce, sai ya tuna ba a yi wa babba magana da hagu, ya mayar da ita dama. Hagun da ta sami sarari kuma ya dunƙule ta ya ɗaga sama yana jinjina, ya sunkuyar da kai, yana cewa, "Ranka ya daɗe! Allah ya ja zamaninka!" ga mutumin da ke zaune a Kano, wanda ba ya ganin jinjinar, ba ya ganin sunkuyon.

Ga lissafi na 'yan aji ɗaya. Mutum yana da hannu biyu. Ya ba waya ɗaya, ya ba jinjina ɗaya. Nawa ya rage wa sitiyari?

Malam ya ce, "Alhaji, hanya." Yaya ya harare shi ta gefen ido, wato yi shiru, babba na magana. Hanya ta karkata, mota ba ta karkata ba. Gefen da Malam yake shi ya daki kwalbati.

Da Malam ya farfaɗo yana kwance a cikin rami, ƙashin ƙwaurinsa na dama ya huda wando ya leƙo waje, abin da ya fara ji shi ne muryar Yaya a bisa titi: "Lafiya lau, ranka ya daɗe. Wallahi ba komai. Iyali duk lafiya." Gaisuwa ce ba a gama ba, kuma ba a katse babba. Daga baya na bincika abin da ya sa attajirin ya kira. Yana tambaya ne ko an samo masa zabbi masu ƙiba a kasuwar Maigatari.

Yaya ya fita da ƙwarzane a goshi. Wayar ko tsagewa ba ta yi ba.

Makon farko ya fara da kyau, ya ƙare da wauta. Wata motar haya ta kawo Malam asibitin Gumel, inda muka dace Sista Rifkatu tana bakin aiki. Maƙwabciyarmu ce a unguwar ma'aikata, mutuniyar ƙasar Jos, shekararta goma sha biyu a garin nan, mun sha musayar tuwon Sallah da shinkafar Kirsimeti ta kan katanga. Ta wanke ciwon, ta tsince tsakuwa da zaren wando daga ciki, ta yi masa allurai, sannan ta ja ni gefe.

Ta ce, "Maman Binta, ki saurare ni da kyau. Wannan ba karayar ɗori ba ce. Ƙashi ya fito ya sha ƙasa ya koma. Kano za ku kai shi, a buɗe a wanke a ɗakin tiyata. Gobe, ba jibi ba."

Na ce to. Da ma a kan wannan "to" ɗin na tsaya.

Kafin la'asar baranda ta cika da dangi, kuma kowa ya zo da digirinsa na likitanci a aljihu. Shugabansu Baffa Iro, ƙanin mahaifin Malam, wanda iliminsa na ƙashi bai wuce tsotsar ɓargo ba. Ya ce asibitin Kano mahauta ce, duk wanda ya shiga da ƙafa biyu da ɗaya yake fita. Ya ce akwai wani mai ɗori a wani ƙauye bayan Sule Tankarkar da ya taɓa haɗa mutumin da raƙumi ya tattake. Yaya, da bandeji a goshi mai faɗin da ya ninka ƙwarzanen sau biyar, ya goyi bayansa da sauri. Dalilinsa bai faɗa ba, amma na karanta shi a fuskarsa: asibitin Kano zai nemi takardar 'yan sanda, 'yan sanda kuma za su tambayi yadda mota ta bar hanya da rana tsaka, ba rami, ba jaki, ba tayar da ta fashe. Mai ɗori ba ya tambaya.

Na ce, "Baffa, Sista ta ce..."

Ya ce, "Sista ta haife shi? 'Yar nan, ki bar bokonki a aji. Nan maganar maza ce."

Na dubi Yaya. Ya ce, "Hajara, ƙaddara ce ta riga ta auku. Kada ki ƙara mana da tonon silili."

Na dubi Malam. Mutumin da ya yi shekara uku yana karatun jikin dabba, wanda ya san abin da ƙasa ke yi wa buɗaɗɗen rauni fiye da duk wanda ke barandar nan, ya rufe ido ya ce, "A yi yadda Baffa ya ce." Kunyar baffansa yake ji, da kunyar surukinsa, kada a ce ya kai wan matarsa gaban hukuma. Ni ma kunyar ce ta rufe mini baki. Mu biyu, masu takardun makaranta a bango, muka sa hannu a takardar cewa mun fitar da majinyaci bisa son ranmu. Sista Rifkatu ta karɓi takardar ba ta dube ni ba.

Zan yi wa mai ɗorin adalci, don ban ga wanda ya yi masa ba. Dattijo ne mai tsabta, kuma na ga yara biyu da ya ɗora wa hannu suna wasa a ƙofar gidansa. Da ya kwance bandejin ya ga rauni, sai ya ce, "Irin wannan mai baki ba na son ta." Sai Yaya ya matso, ya gyara babbar riga, ya ajiye waya a gabansa, ya ce ai labarinsa ya kai har Kano, manyan mutane suna jin sunansa. Dattijo ya dubi wayar, ya dubi rigar, ya ce a kawo kaza.

Ga wanda bai taɓa gani ba: ana karya ƙafar kaza, a ɗora ta tare da ta majinyaci, a ce ranar da kaza ta taka shi ma zai taka. Aka ja ƙafar Malam mutum uku, ya yi ƙarar da ban taɓa jin irinta daga bakinsa ba. Aka shafe ta da man shanu, aka yi tofi, aka jera karare aka ɗaure tamau da tsumma. Aka ba mu ɗaki a zauren baya, ni da shi da kazar.

Na ɗauki hutu a makaranta, na kai Binta da ƙannenta wurin mahaifiyata. Aikina ya koma fifita, ɗebo ruwa daga rijiya mai gaba ashirin, dama kunu, zubar da fo, da korar ƙudaje. Kwana uku na farko ciwo ne kawai, wanda aka ce mini alamar ƙashi na kamawa ce. Rana ta huɗu yatsunsa suka kumbura suka yi sheƙi. Aka ce jini ne yake sauka. Ta shida zazzaɓi ya rufe shi, yana rawar sanyi a zafin da ko kare ba ya fita. Aka ce iskar wurin da ya faɗi ce, aka kawo turare.

Mako na biyu masu dubiya suka yi ta zuwa, kowa da nasa. Wata gwaggo ta kawo rubutun sha a galan. Wani abokin Yaya ya ce a shafa man birki, wai direbobi sun tabbatar. Wani ya ce Malam ya ci ƙafar saniya kullum, tunda ƙafa ita ke gyara ƙafa, ilimin da na so a ce na sani tun ina koyar da kiwon lafiya. Kowa kuma kafin ya tashi sai ya ce, "Allah ya kiyaye gaba, ya tsare abin da ya fi haka." Babu wanda ya tambayi yadda aka yi. Tuni Yaya ya ba gari labari cewa sitiyari ne ya ƙwace. Ban ce ƙarya ya yi ba. Abin da aka saki ai dole ya ƙwace.

Shi kansa yana zuwa duk bayan kwana biyu a motar aro, da lemo da tsire, ya zauna a ƙofar zaure, yaran ƙauye da manyansu su kewaye wayar. Ya zaro eriya, ya kara a kunne, ya girgiza kai ya ce yau iska ba ta da kyau. Ɗakin da Malam yake kwance bai cika shiga ba. Ya ce warin magani na tayar masa da zuciya.

Ba magani ba ne. Ranar kwana goma sha ɗaya Malam ya kira ni da murya ƙasa-ƙasa.

Ya ce, "Malama, taɓa mini babban yatsa."

Na taɓa. Sanyi ƙalau, launinsa kamar ɗanyen gawayi.

Ya ce, "Kin taɓa?"

Na ce, "Ina riƙe da shi."

Ya ce, "Warin nan na san shi. Da saniyar wani ce, da tun shekaranjiya na ce a kira mahauci."

A daidai lokacin kazar ta bi ta gabanmu tana tsattsage ƙasa da ƙafa biyu. Ta warke sumul. Baffa Iro da ya zo da yamma ya gan ta, ya yi kabbara, ya ce saura ƙiris.

Na ba wani mai kai gero Gumel wasiƙa zuwa ga Sista Rifkatu, ina jin nauyin kowane harafi, don ban san da wace fuska zan nemi matar da na watsa wa ƙasa a ido ba. Ranar Lahadi, daga coci, ko gida ba ta biya ba, ta hau acaɓa ta zo da kayanta na ado da almakashi a jaka. Ba ta gaishe da kowa a zaure ba, abin da har yau dangin Malam suke riƙe da shi a matsayin babban laifin da aka yi a jinyar nan. Ta yanke tsumman. Abin da ke ƙarƙashi ba zan kwatanta ba, masu karatu wataƙila suna cin abinci. Mai ɗorin ya leƙa, ya ja da baya, ya ce a hankali, "Na faɗa ba na son mai baki."

Sista ta ce, "Maman Binta, yau. Ko ki kai shi Kano yau, ko ki fara neman farin yadi."

Baffa ya fara, "Ke wace ce da za ki..."

Ta ce, "Baba, ni ce wadda ta gaya muku tun farko. Sannu da hutawa."

Wannan karon ban dubi kowa ba. Na tare wata a-kori-kura da ta sauke buhuna, na cire 'yan kunnena na zinariya na damƙa wa direba jingina, muka shimfiɗa katifa a baya. Na zauna na rungume kan Malam, Sista na riƙe da ledar ƙarin ruwa a sama, tun daga ƙauyen har Kano. Mun bi ta tudun nan. Ban ɗaga kai ba.

Mako na uku a wani babban asibiti muka yi shi. Duk wanda bai taɓa jinya a birni ba, ya sani layi iri-iri ne: layin kati, layin biyan kuɗin kati, layin hoton ƙashi, layin karɓo hoton, da layin tambayar wane layi za a bi. Komai saye ake yi a waje, tun daga auduga har safar hannun likita. Tumakina uku da keken ɗinkina duk a wannan makon suka tafi. Amma a nan ne kuma na ga likita matashi, siriri, da bai ci abincin rana ba don ya duba Malam, ya zauna a bakin gado ya yi mana magana kamar masu hankali. Maganarsa guda ta zauna mini: "Ƙashi zai iya jiranku wata guda. Naman da ke kansa ba ya jiran kwana uku." Ya ce da an kawo shi washegarin haɗarin, da wanki ne da ƙarfe da filasta. Yanzu kuwa daga ƙwauri zuwa ƙasa ya mutu, kuma mutuwar tana hawowa. In an yanke a wannan makon, za a bar masa gwiwa. In an jira, sai cinya. In an ƙara jira, ba sai an yanke komai ba.

Sai an sami jini leda uku kafin a shiga da shi. Dangin da suka cika baranda a Gumel suka zama 'yan kaɗan a Kano, kuma kowa da larurarsa. Yaya ya ce likita ya taɓa gaya masa jininsa na hawa. Ban san jini mai hawa ba ya fita ba, amma ni malamar firamare ce. Na ba da leda ɗaya. Sauran biyun, wasu Fulani ne daga wata ruga ta wajen Gagarawa, waɗanda Malam ya taɓa ceto musu garke daga ciwon huhu, suka ji labari a kasuwa suka hau mota da sandunansu. Babbansu, Arɗo, bai taɓa shiga asibiti ba, yana ganin allura ya kau da kai yana salati, amma ya miƙa hannu. Ya kira ni uwargida da Fillanci, ya ce, "Inna wuro, a ɗiba da yawa, muna da nono a gida." Allah ya san ban da abin da zan biya su.

Sai maganar sa hannu. Yaya ya tsaya kai da fata ba za a yanke ba. Na fahimce shi sarai. Karaya takan warke a manta da wanda ya jawo ta, amma gurgu kullum yana yawo a gari, kowa ya gan shi sai ya tuna motar wa ya shiga. Ya ce ubangidansa zai fitar da Malam ƙasar waje, Masar ko Jidda, magana ɗaya ce. A Kano kuwa wayar tana aiki ko'ina, don haka muka sha kallo: yana kai da kawowa a baranda, yana rusunawa ga bango. Ranar farko aka ce attajirin na barci. Ta biyu aka ce yana da baƙi. Ta uku wani ya ɗauka ya ce maigidan ya yi tafiya, amma ya bar saƙo a tambayi Sale ina zabbin.

Kwana ukun nan da muka ba wa wayar, baƙin ya hau da faɗin yatsa biyu. Likita ya auna ya nuna mini.

Na shiga wurin Malam da takardar da biro. Yaya ya biyo ni yana cewa, "Hajara, ki ji tsoron Allah, ki ba ni zuwa gobe."

Na ce, "Yaya, na ba ka mota da mijina a ciki. Na ba ka kwana goma sha uku a ƙauye. Na ba ka uku a nan. Gobe ba tawa ba ce da zan ba ka."

Tunda aka haife ni ban taɓa mayar masa da magana ba. Malam ya karɓi biro, ya sa hannu irin na takardun ofis, har da ɗigo biyun da yake yi a ƙarshe. Ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri. Na yanke wa dabbobin mutane hukuncin nan sau da yawa. Ba zan ƙi shi a kaina ba."

An bar masa gwiwa, da kyar. Mun ƙara mako bakwai a asibiti ana wankin dungulmin, da wata guda a gida yana koyon sanduna, yana faɗuwa, yana tashi, yana farkawa yana sosa yatsun da babu su. Yanzu yana da ƙafar roba. An mayar da shi ofis yana buga hatimi a takardun shanun da wasu suka duba. Babur ɗin mun sayar. Ranar Alhamis yakan zauna a ƙofar gida ya bi motocin Maigatari da kallo, ya gaya mini daga kukan saniya wadda ba ta da lafiya.

Godiyata ga Sista Rifkatu, wadda ta faɗi gaskiya sau biyu, ba ta kuma taɓa yi mini gori ba. Ga likitan da ban riƙe sunansa ba. Ga Arɗo da ɗan'uwansa. Ga direban a-kori-kura da ya kawo mini 'yan kunnena har makaranta ya ce a bar shi da ladan. Sauran kuwa, masu man birki da masu galan, Allah ya ba su lafiyar da ba za su taɓa buƙatar shawarar junansu ba.

Ana cewa nan gaba wayar nan za ta yi arha har kowa ya riƙe. In haka ne, ina tausaya wa hanyoyinmu, don mu mutane ne da ba ma iya gaisuwa a taƙaice, ba ma iya jin muryar babba mu zauna daidai. Shawarata gajera ce. In ta yi kuka kana tuƙi, ka bar ta ta yi, ba jariri ba ce. In dole ne, ka sauka gefen hanya, ka kashe mota, sannan ka rusuna har goshinka ya taɓa ƙasa in ka ga dama. In kai ne fasinja ka ga direba ya kai hannu aljihu, kada ka ce "hanya" a hankali kamar mai neman izinin fita fitsari. Ka daka masa tsawa, ko surukinka ne. In kuma ƙashi ya huda fata, asibiti, ranar, ko baffan wa zai yi fushi.

Abu ɗaya ya rage, wanda ban san da shi ba sai da ya same ni. Ranar tiyatar, bayan azahar, wata nas ta fito da abu a naɗe cikin farin ƙyalle da leda, tsawon damtse, ta tsaya a baranda ta ce, "Ina namiji a dangin mai gado na tara? Ga ƙafar. Musulmi ne, sai ku kai maƙabarta a binne."

Baffa Iro ya tuna bai yi alwala ba. Wani ɗan'uwa ya shiga neman takalminsa. Yaya ya zaro eriya.

Na ce, "Ga yayana nan. An gyara masa motarsa."

Nas ta miƙa masa. Ya nemi inda zai ajiye wayar, ya rasa, ya cusa ta a aljihu, ya karɓa. Na ga nauyin ya ba shi mamaki. Ya tsaya riƙe da ita a ƙirji, babban mutum mai babbar riga, a tsakiyar masu jinya da masu sayar da ruwa, bai san ta wace ƙofa ake fita ba.

Na koma ciki. Malam ya fara farfaɗowa, leɓensa a bushe, idonsa rabi a buɗe. Ya dubi inda bargo ya kwanta shafal a ƙasan gwiwarsa, ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Ina aka kai ta?"

Na ce, "Yaya zai kai ta maƙabarta."

"A motarsa?"

"A motarsa."

Ya lumshe ido. Na ɗauka barci ya koma, har na fara gyara masa matashi. Sai na ji ya ce, "Bi shi ki ce ya tafi a hankali. Ta sha wuya."